Shawara ga Mai Niyyar Farautar Fezan da Salwa a Jihar Kansas

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa jihar Kansas, a tsakiyar ƙasar Amurka, a ranar Asabar ta biyu ga watan Nuwamba, wadda ita ce ranar buɗe farautar fezan da salwa, zai tarar da ƙananan garuruwa irin su Norton da Colby da Hill City, waɗanda galibi ba a jin motsin kowa a cikinsu, sun cika maƙil da baƙi, masaukai duk an kama su, motoci kuma jere a bakin hanya da karnuka a bayansu. Zai kuwa yi zaton a ranar nan sha'anin ya fara, alhali an riga an yanke hukuncinsa tun wata biyar ko shida da suka shige, lokacin da ruwan sama ya sauka, ko ya ƙi sauka, a kan gonakin alkama. Saboda haka abin da ya wajaba matafiyi ya fara tambaya, tun bai sayi tikitin jirgi ba, shi ne yadda ruwa ya kasance a yankin da ya nufa daga Afrilu zuwa Agusta.

Shi fezan baƙo ne a ƙasar, asalinsa daga Asiya yake. Owen Denny, ƙaramin jakadan Amurka a Shanghai, shi ya aika da su jihar Oregon a 1881 da 1882, suka hayayyafa, Kansas kuma aka sake su a cikinta a 1906. Zakaran ya yi kusa da zabo a girma, da jan fuska da farin zobe a wuya da doguwar wutsiya, kazar kuwa launin ƙasa gare ta, ba ta da ado. Ita salwar 'yar ƙasa ce, ƙarama, tana zama garke-garke, goma zuwa goma sha biyar.

Sababin da ya sa ruwa ya zama shi ne asalin al'amarin kuwa, kazar fezan a yammacin Kansas cikin koren alkama take yin sheƙa, ta kwanta a kan ƙwai kwana ashirin da uku, mafi yawan ƙyanƙyasa kuma a watan Yuni take aukuwa. Idan fari ya hana alkama tsawo, ko zafi ya sa ta nuna da wuri aka shiga girbi tun 'yan tsaki ba su yi ƙwari ba, to, an yi hasarar sheƙa masu yawa. Su kuma 'yan tsakin, na fezan da na salwa baki ɗaya, a makonninsu na farko da ƙwari suke rayuwa, ƙwari kuwa sai inda ciyawa mai faɗin ganye ta yi kore. Akwai kuma wata ɓarnar da fari ke jawowa wadda baƙo ba ya lura da ita. Tun 1985 gwamnatin tarayya take biyan manoma su bar wasu gonaki su koma ciyawa, a ƙarƙashin shirin da ake kira CRP, nan ne kuma mafakar tsuntsayen. Amma idan fari ya tsananta akan yi wa manoma rangwame su yanke ciyawar ko su sa shanu su cinye ta, sai mafarauci ya iso filin da aka yaba masa bara ya tarar da shi fayau. Haka aka gani a farin 2011 zuwa 2013, sa'ad da yawan fezan ya faɗi ƙasa ƙwarai. Yawan ruwa ma yana da tasa illar, domin ƙanƙara ko ruwa mai sanyi a makon ƙyanƙyasa kan kashe 'yan tsaki a gunduma ɗaya, ya bar maƙwabciyarta lafiya lau. Hukumar namun daji ta jihar tana ƙidayar tsuntsaye a gefen hanyoyi a Yuli da Agusta, ta fitar da bayanin hasashe yanki-yanki a watan Satumba, kuma lalle wanda ya karanta shi da natsuwa ya fi wanda ya dogara da labarin bara.

Mas'ala ta biyu ita ce girbi. Kansas ce ta fi kowace jiha ta Amurka noman dawa, ko da yake tasu gajeriya ce, da ƙyar ta wuce ƙugun mutum, kuma fezan yana sonta ainun, ita da masara. Idan kaka ta zo da lema har aka makara da girbi, ranar buɗewa takan tarar da dubban eka na dawa a tsaye, tsuntsaye kuwa su shige ciki tun da hantsi, inda ba mutum ba kare da zai iya tayar da su, har baƙo ya koma gida yana cewa babu tsuntsu bana, alhali suna nan jingim. A irin wannan shekara fa'ida tana ga sa'ar farko ta safiya, kafin su bar ciyawar da suka kwana, da sa'ar ƙarshe ta yamma, sa'ad da suke komowa. A nemi filin ciyawar da ya yi iyaka da gonar da aka girbe kwanan nan.

Mai son fezan ya nufi arewa maso yamma da yamma, domin kudu maso gabas kusan babu shi. Mai son salwa ya dubi tuddan Flint Hills da kudancin tsakiyar jihar, inda kurmin ƙananan itatuwa ya haɗu da ciyawa. Ni dai a ganina baƙon da kwanakinsa kaɗan ne ya zaɓi yankin Smoky Hills, a arewacin tsakiya, domin nan ne mutum kan tayar da nau'in biyu a tafiya ɗaya.

Kusan dukkan ƙasar Kansas mallakar mutane ce, shiga gonar wani ba da izininsa ba kuwa laifi ne a dokarsu, kamar yadda yake haram a tamu shari'ar. Inda ka ga an shafa fenti mai launin shunayya a ginshiƙin shinge, ma'anarsa sai da izini a rubuce. Sauƙin da baƙo ya samu shi ne shirin WIHA, wanda aka fara a 1995, inda hukuma ke hayar gonaki daga manoma, sama da eka miliyan ɗaya, ta buɗe su ga jama'a, ta buga taswirarsu kyauta. Da ƙafa ake shiga, ba da mota ba, ƙofar shinge kuma a bar ta yadda aka same ta, domin amana ce manomi ya bayar, yana da ikon janye ta baɗi. Sai dai a sani, filayen da ke bakin kwalta sukan sha tattaki tun kafin azahar ta ranar farko. Na nesa, waɗanda sai an bi hanyar ƙasa, su suka fi albarka, ko da yake hanyoyin nan in an yi ruwa sukan zama taɓo mai kama mota.

Game da doka, sai da lasisin farauta na baƙo, wanda aka haifa daga 1 ga Yuli 1957 zuwa yau kuma ana bukatar shaidar ya yi karatun ka'idojin farauta. Wanda ya shiga Amurka da bizar ziyara ya kiyaye ƙwarai, domin dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai in yana da lasisin farauta mai aiki, saboda haka lasisi ake fara samu kafin a taɓa ko bindigar aro. A yini ɗaya an yarda da zakara huɗu da salwa takwas. Kazar fezan ba a harbinta ko kusa, shi ya sa ake barin ƙafa ko gashi a jikin abin da aka fige, don ya zama hujja a hanya. A farkon lokaci kuwa akwai samarin zakarun da launinsu bai gama fitowa ba, wanda ya yi shakka ya sauke bindiga. Ana fara harbi rabin sa'a kafin fitowar rana, a daina da faɗuwarta, kuma gundumomi huɗu na can yamma, Sherman da Wallace da Greeley da Hamilton, agogonsu yana bayan na sauran jihar da sa'a ɗaya.

Yanayin Nuwamba ba shi da tabbas: asuba da sanyi mai daskarar da ruwa, azahar da zafin da zai sa a tuɓe riga, iska kuma ba ta hutawa. A sa tufafi ninki-ninki, da hula da 'yar shara masu launin ruwan goro mai haske, domin a jere ake tafiya cikin gona, wasu kuma suna tsaye a ƙarshenta suna tare zakarun da suka fi son gudu da tashi, kuma a nan haɗari yake. Kada a harbi tsuntsu sai ya yi sama sosai. Kare ya fi mutum shan wahala, ga zafi ga ƙarangiya, in ƙasa ta bushe kuma hancinsa ba ya kama ƙanshi, sai a ɗaukar masa ruwa mai yawa.

Musulmi kuwa yana da nasa tanadin. Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce, don wata bukata kuwa halal ce, saboda haka a ƙulla niyyar ci da ciyarwa. A yi bisimilla lokacin harbi, tsuntsun da aka tarar da sauran rai a yanka shi nan take, wanda harsashi ya kashe kuwa malaman Malikiyya na Fas sun yi fatawar halaccin cinsa. Alƙibla tana arewa maso gabas, yini gajere ne, sallolin azahar da la'asar da magariba suna kusa da juna, karin kumallon da ƙungiyoyin gari kan shirya wa mafarauta kuma galibi akwai naman alade a ciki, sai a yi guzuri tun daga Wichita, inda akwai masallatai da nama na halal.

Abin da nake roƙo ga mai farautar salwa shi ne tausayi. Garken yana kwana ne a da'ira, jiki da jiki, don ɗumi, kuma idan aka rage shi ƙwarai, sauran ba sa iya jure daren hunturu. Wanda ya ɗauki biyu ko uku daga garke ya wuce gaba, ya kuma daina bin su tun rana da saura, su sami damar kiran juna su taru kafin duhu. Wanda kuma ya ji labarin dawa ba a girbe ta ba, kada ya matsa wa kansa da makon farko, domin lokacin yana nan har 31 ga Janairu, a watan Disamba kuwa gonaki sun zama kara, taro ya watse, masauki ya samu, manomin da ya hana izini ranar buɗewa saboda danginsa yakan bayar da shi cikin sauƙi, dusar ƙanƙara in ta sauka kuma takan tara tsuntsaye cikin ciyawa mai kauri, su lafe har kare ya iso kansu.