Darasi Daga Numan: Yadda Aikin Baƙi Ya Zama na 'Yan Gida

Karatu: Ayyukan Manzanni 14:21-28, 2 Timoti 2:1-2

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aikin raya al'umma a unguwanni da ƙauyukan Katsina ya san wannan ciwo. Za a haƙa rijiyar burtsatse, a yi bikin buɗewa, bayan shekara biyu famfo ya lalace, mata su koma tsohuwar rijiya. In ka tambaya sai a ce maka, "Ai ta mishan ce, su za su zo su gyara." Haka injin niƙa, haka ajin yaƙi da jahilci. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To, me ke sa aikin da baƙo ya fara ya rayu bayan tafiyarsa? Za mu nemi amsa cikin tarihin ekklisiyar Lutheran ta LCCN, wadda baƙo ɗaya ya fara a ƙaramin garin Numan, a Jihar Adamawa ta yau.

Daga ina Lutheran suka fito?

Sunan ya samo asali daga Martin Luther, malamin tauhidi a garin Wittenberg na ƙasar Jamus, wanda ya tayar da gyaran ekklisiya a 1517. Ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, domin manomi da mai sana'a su karanta da kansu. Koyarwarsa ta bazu a Jamus da maƙwabtanta na arewa, irin su Danmak.

Daga baya Jamusawa masu ƙaura suka ɗauki wannan bangaskiya zuwa Amurka. A 1839 wani ayari daga yankin Saxony ya sauka a jihar Missouri, suka kafa ƙananan garuruwa irin su Altenburg, suka gina majami'a da makaranta da gungumen itace. Zuriyarsu ce ta aiko da Dokta Henry Nau zuwa Ibesikpo kusa da Uyo a 1936, bisa roƙon mutanen wurin. Wannan ne tushen ekklisiyar Lutheran ta kudancin Nijeriya. Ta arewa kuwa ta riga ta da shekara 23, kuma ta wata hanya ta zo.

Hanyar Numan

Wani Bajamushe mai suna Dokta Karl Kumm shi ne ya kafa ƙungiyar Sudan United Mission, wato SUM. A lokacin, "Sudan" na nufin dukan ƙasashen da ke kudu da Sahara, har da namu. A 1904 shi da abokan aiki uku suka sauka a Wase. Kumm ya yi ta yawo a ƙasashen Turai da Amurka yana neman ma'aikata, har aka sami reshen SUM a Danmak a 1911.

Wanda reshen Danmak ya fara aikowa shi ne wani likita, Dokta Niels Bronnum. Ya iso a farkon 1913 tare da matarsa Margaret da wata nas mai suna Dagmar Rose. Suka zauna a tashar mishan ta Rumasha a bakin kogin Binuwai suna koyon Hausa. A can Margaret ta haihu, ta rasu. Dagmar Rose ta ɗauki jaririn ta koma Turai da shi. Bronnum ya binne matarsa, ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. A zamanin nan Turawan mulki ba sa barin 'yan mishan su yi wa'azi yadda suke so cikin masarautun Musulmi, saboda haka sai da ya sami izini kafin ya zauna cikin Bachama. Ya sauka Numan, inda kogin Gongola ya haɗu da Binuwai, ranar 5 ga Oktoba 1913. Wannan rana ce LCCN take ƙirga a matsayin ranar kafuwarta.

Abubuwa uku ya sa a gaba. Ya yi wa marasa lafiya magani, ya koyi harshen Bachama har ya fara juya Bishara cikinsa, ya kuma tara yara yana koya masu karatu. Da ma'aikata suka ƙaru, aka buɗe tashoshi a wurare kamar Lamurde da Guyuk da Pella. Amma yawancin ƙauyuka ba daga bakin Bature suka ji bishara ba. Samarin da suka yi karatu a makarantar mishan su ne suka shiga ƙauyuka a matsayin malamai da masu bishara, suna noma da safe, suna koyarwa da yamma.

Miƙa ragama

A 1948 aka naɗa fastoci biyar na farko 'yan ƙasa. A 1955 ekklisiyar tana cikin waɗanda suka kafa tarayyar TEKAS, wadda muka sani yanzu da TEKAN. A 1956 ta tsaya da ƙafafunta. A 1960 aka zaɓi Akila Todi shugaba na farko ɗan ƙasa, ya zama bishop a 1973. Cikin shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantu da asibitocin mishan, kamar yadda asibitin kutare na Babbar Ruga da SIM ta riƙe a nan Katsina ya koma hannun gwamnati. Ekklisiyar ba ta rushe ba, domin ta riga ta sami masu ita. 'Ya'yanta da aikin soja, ɗan sanda da na gwamnati ya kai su Jos, Kaduna, Legas da Abuja, su ne suka fara taron addu'a a gidajensu har ya zama majami'u. A 2017 aka zaɓi Akbishop Musa Panti Filibus na LCCN shugaban tarayyar Lutheran ta duniya, ya riƙe har 2023. Wanda ya gaje shi kuwa, Henrik Stubkjaer, bishop ne daga Danmak, ƙasar su Bronnum.

Mu lura da abu ɗaya. Daga 1913 zuwa 1948 shekara 35 ke nan kafin a sami fasto ɗan ƙasa. A karatunmu na Ayyukan Manzanni mun ga Bulus da Barnaba sun naɗa dattawa a kowace ekklisiya tun kafin su kammala tafiyarsu ta farko. Mu da muke aikin da ake ba mu kuɗinsa na shekara uku ko biyar, ba mu da shekara 35 na jira.

Abin da za mu koya

1. Mu shiga da harshen mutane. Luther ya yi haka, Bronnum ma ya yi. In takardar yarjejeniya da littafin lissafi suna cikin Turanci, mutum biyu ko uku ne kaɗai za su san abin da ke ciki, sauran su zama 'yan kallo. A rubuta da Hausa, a karanta a gaban kowa, maza da mata.

2. Mu yi hidima ba tare da tambayar addinin mutum ba. Majinyaci magani yake nema. A garinmu, inda maƙwabtanmu Musulmi suka fi yawa, rijiya ko allurar rigakafi ta kowa ce, kuma kwamitin da zai kula da ita ya kamata ya haɗa da mai unguwa da mutanen da za su sha ruwan.

3. Mu horar da magada tun ranar farko. Kafin a fara haƙa, a zaɓi samari biyu su tsaya tare da masu aikin, su koyi kwance famfo da ɗaura shi, su san shagon da ake sayar da kayan gyara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

4. Kuɗi su kasance a fili. A 1523 mutanen Leisnig, wani ƙaramin gari a Jamus, sun kafa asusun taimakon matalauta, Luther kuma ya goyi bayan tsarin. Akwatin yana da makullai huɗu, kowane a hannun rukuni dabam, ba mai iya buɗewa shi kaɗai. Namu makullan su ne sa hannun mutum uku a banki, da karanta lissafi a taron wata-wata.

5. A rubuta ranar miƙawa. Aikin da ba a sa masa ranar sallama ba, har abada sunansa "na mishan".

Tambayoyi don tattaunawa

a. Wane aiki ne a unguwarku ya tsaya bayan masu tallafi sun tafi? Me ya tsayar da shi?

b. In shugaban kwamitinku ya yi ƙaura gobe, wa ya san inda takardu suke?

c. Da yawa cikinmu baƙi ne a Katsina, aiki ya kawo mu. Me za mu bar wa 'yan gida in an yi mana canjin wurin aiki?

Kowace ƙungiya, har da zumuntar mata da matasa, ta zauna a kan waɗannan tambayoyi, ta kawo amsarta a rubuce a taro mai zuwa. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.