Amsoshin Tambayoyinku: Wane Bulok Ya Dace da Injin da Aka Ƙara wa Girma?

Wani bakanike mai sauraronmu yana tambaya: wane bulok ake zaɓa idan za a ƙara wa inji girma ta hanyar tsawaita tafiyar fistin?

To Malam, mu ɗauki injin Chevrolet 350 na Amurka, wanda ya fito a 1967. Tafiyar fistinsa inci 3.48 ce. Idan aka sa masa karanshaf mai inci 3.75, aka faɗaɗa silinda zuwa inci 4.030, sai girmansa ya tashi daga 350 ya zama 383. Amma fa sai an goge ƙasan silinda, in ba haka ba kwanrod zai riƙa dukan bulok.

Mai neman abin da ya fi haka yakan koma bulok ɗin Chevrolet 400, mai silinda inci 4.125. Nan ne ake taka-tsantsan: silindojinsa manne suke da juna, ruwa ba ya ratsa tsakaninsu, don haka dole a huda ramukan tururi a kan injin, ko ya riƙa zafi.

A ganina, kada ka biya kuɗin tsohon bulok sai an duba tsagewa, an kuma auna kaurin bangon silinda. Idan bangon ya yi siriri, bar shi, nemi sabo irin na kamfanin Dart.