Barasa A Gidan Soja: Abin Da Ya Kamata Hakimi Da Malaminsa Su Sani

Ƙasar Gwandu da ta Argungu sun daɗe suna ba da 'ya'yansu aikin soja. A Birnin Kebbi akwai Barikin Dukku, kuma da wuya a sami gundumar da ba ta da soja mai aiki a nesa, ko tsohon soja mai cin fansho. Galibinsu mutanen kirki ne masu kamun kai. Amma akwai waɗanda wahalar daji, da ganin mutuwar abokai, da rashin barci suka jefa su cikin shan barasa, suka komo gida da ita.

Yadda maganar ta kan zo

Tun shekarar 2000 Jihar Kebbi ta ke bin shari'ar Musulunci, barasa kuwa haram ce, abin kunya ce. Saboda haka mai sha ya kan ɓoye, matarsa ma ta kan rufa masa asiri. Ba safai za ta zo gaban Hakimi ta ce mijinta mashayi ne ba. Sai dai a ji ta yi yaji, ko ta kai ƙarar rashin ci da sha, ko an ji duka da dare. Idan aka sasanta wannan kaɗai, an sare reshe ne an bar saiwa.

Lalle ne Hakimi ya san cewa abin nan, ban da zunubi, cuta ce. Barasa tana lalata hanta, tana hau da jini, tana cinye albashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige cewa a shekarar 2019 ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 2.6.

Taimako ta wayar hannu

Tun da kunya ita ce babban shinge, wayar hannu ta zama hanya mai amfani, gama mace tana iya neman shawara daga cikin ɗakinta ba wanda ya gani. A Amurka, masu bincike na cibiyar RAND sun shirya wa matan soja darasi huɗu ta intanet, mai suna Partners Connect. Matar ce ta ke karatun, ba mijin ba. Da aka gwada, an ga fargabar matan ta ragu, sun kuma ƙara samun masu tallafa musu. Ga gindin abin da a ke koya musu:

1. Kada ta yi masa magana yana cikin maye. Ta jira sai ya wartsake, hankalinsa ya komo.

2. Ta faɗi abin da ya dame ta ba da gori ko zagi ba, watau ta ce ta ji tsoro jiya, maimakon ta ce ya zama abin banza.

3. Ranar da ya komo gida garau, ta nuna masa jin daɗinta a fili.

4. Kada ta riƙa biyan bashin shansa, ko ta yi ƙarya dominsa wajen manyansa.

5. Ta kula da lafiyarta da ta 'ya'yanta. In akwai duka, tsira da rai shi ne farko.

A ƙasarmu, Hukumar NDLEA ta buɗe layin waya na kyauta a shekarar 2022, inda masu ba da shawara kan shaye-shaye su ke amsa kira dare da rana, ba sai mutum ya faɗi sunansa ba. Akwai kuma tambayoyi goma na Hukumar Lafiya ta Duniya, masu suna AUDIT, waɗanda mutum zai amsa don ya gane ko shansa ya kai ga hatsari.

Gargaɗi

Waya ba ta maye gurbin likita. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya bari farat ɗaya, ya kan kamu da makyarkyata, da gane-gane, har da farfaɗiya cikin kwana biyu ko uku, wani ma ya rasa ransa. Irin wannan sai a kai shi Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu. In abin ya yi tsanani, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, kusa da Sakkwato.

Aikin Hakimi da malaminsa

Hakimi ya saurari irin wannan magana a keɓe, ba a bainar fada ba. Ya kira mijin ya yi masa nasiha irin ta uba, tare da liman ko wani dattijo tsohon soja wanda ya san wahalar da ya sha. Malamin Hakimi kuma ya riƙe amana: abin da ya shiga littafi kada ya fita kasuwa. In matar ba ta iya karatu ba, ya taimake ta samun lambar, sa'an nan ya ba ta wuri ta yi maganarta ita kaɗai.

Mutumin da ya tsare ƙasa da ransa ya cancanci a tsare masa gidansa. Allah ya ba shugabanni ikon riƙon amanar talakawansu, amin.