Tsohon Bakan Goge: Abin Yi da Abin Bari

Wannan magana ce ga duk wanda ya gaji goge a Gidan Amumune da sauran garuruwan ƙasar Tasawa da Mayahi. Ƙwaryar goge kowa na ganin girmanta, amma bakan da ake goga tsirkiya da shi sai a wurgar bayan tukunya kamar karan dawa. A daina.

Kada ka sayar da shi. Dillali zai ce maka ai lanƙwasasshen ice ne da gashin doki, ya miƙo jaka biyu. Ka sani a Faransa, wani baka da Faransuwa Turt ya sassaƙa, masassaƙin Paris da ya rasu a 1835, an saye shi a gwanjon garin Vishi a 2017 kan kuɗin da ya haura sefa miliyan 370. Naka ba zai kai nan ba, kuma ba kuɗin nake so ka hanga ba. Masu saye ma abin da suke biya shi ne daidaiton nauyi da yadda baka ke bin hannu, kuma tsohon bakanka na da wannan.

Kada ka kankare baƙin da ke wurin riƙo. Zufar mai goge ce ta shekaru ta zauna a nan, har icen ya yi santsi, ya lotsa daidai inda babban yatsa ke kwanciya. Yaro mai koyo da ya ɗora hannu a wurin, ya sami riƙon kakansa ba tare da an gwada masa ba. Wanda ya sa wuƙa ko fenti a nan ya yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Izga kuwa a sake ta in ta tsinke, don dama ita mai ƙarewa ce. Amma da gashin wutsiyar doki, kada a kuskura a ɗaura zaren roba. Roba ba ta riƙe ƙaro yadda gashi ke riƙewa, sai ta yi ta zamewa, gogen ya shaƙe.

Kada mai maiƙo a hannu ya taɓa izgar. In ka ci ƙuli-ƙuli, ka wanke hannu tukuna. Shafa ƙaro kaɗan-kaɗan, ba dambara ba.

Rataye bakan cikin jakar fata, nesa da rana da hayaƙin murhu da bangon da gara ke bi. Da damina a riƙa dubawa.

Kada a raba shi da gogensa wajen rabon gado. A 2013 UNESCO ta sa imzad, gogen matan Abzinawa na Nijar da Mali da Aljeriya, cikin gadon al'adun duniya, kuma kiɗan da sanin kiɗan ta karrama. Don haka a bai wa mai iya kiɗa ya riƙa gogawa, ko da ba ɗan gidan ba ne. In babu kowa, a rubuta sunan mai shi da garinsu, a kai gogen da bakansa gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai.