Karatu Daga Kunne Yake Farawa

Shekarata goma sha huɗu ina koyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku, kuma a makon farko na kowace shekara akwai tambaya guda da nake yi wa kowane yaro, ba tare da na ba shi littafi ba. Nakan ce, "Da wane sauti masara ta fara?" Wani nan take zai haɗe leɓe ya ce "mmm". Wani kuwa sai ya tsaya yana kallona, domin a wurinsa masara abin gasawa ce kawai, kunnensa bai taɓa rarrabe ma da sa da ra ba. Wannan na biyun shi ne zan fi zama da shi, kuma ba don ya rasa basira ba.

Harafi alama ce ta sauti. Yaron da bai ji sautin a cikin kalma ba, ko ya haddace a, b, c har ƙarshe, bai san abin da zai yi da su ba. Sai ya koma ga hadda, kuma yaranmu gwanayen hadda ne. Na taɓa karɓar wata yarinya 'yar aji uku wadda ke zuba karatun shafi guda ba tuntuɓe, yatsanta na bin layi. Da na nuna kalma ɗaya a tsakiyar shafin na ce ta karanta, sai ta yi shiru. Mahaifiyarta ta ce, "Malama, ai kullum tana karanta mana a gida." Gaskiya ta faɗa, abin da ta gani ke nan. Shekara biyu yarinyar tana bin amon aji, babu wanda ya tsayar da ita ita kaɗai. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin laifin namu ne, mu malamai.

Irin wannan giɓin ba ya cikewa da kansa. A 1988 wata masaniya a Amurka, Connie Juel, ta fitar da sakamakon bibiyar yara 54 daga aji ɗaya zuwa huɗu. Ta gano cewa yaron da ya gama aji ɗaya da raunin karatu, yiwuwar ya kai ƙarshen aji huɗu a haka ta kai kashi 88 cikin ɗari. Dalilin ina ganinsa kullum: wanda ya iya yana jin daɗi, ya ƙara karantawa, ya ƙara kalmomi. Wanda bai iya ba yana jin kunya, ya guje wa littafi. Daga aji huɗu kuma babu mai koya masa harafi, tambayar lissafi ma a rubuce take zuwa. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa a Afirka kudu da Sahara kusan tara cikin goma na 'yan shekara 10 ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi.

Mu kuwa muna da gata. Hausar boko kusan yadda ake furta ta ake rubuta ta, don haka yaron da ya kama ba, bi, bu ya kama hanya. Da Hausa shirin Mu Karanta ya koyar da 'yan ƙananan azuzuwa a Bauchi da Sakkwato. Malaman allo ma tun da can daga babbaƙu suke farawa, sannan farfaru, kafin a kai ga zube.

Iyaye, ko ba ku yi boko ba kuna da babban rabo a nan. Tatsuniyar dare tana cika yaro da kalmomi, musamman idan aka ce shi ma ya mayar da ita da bakinsa. Ku yi masa kacici-kacici. Ku tafa gaɓoɓin sunansa tare, A-mi-na, tafi uku. Ku nuna masa rubutun kwalin ashana da na gwangwanin madara. Idan kunnensa na yawan ciwo ko zubar da ruwa, ku kai shi asibiti, domin wanda ba ya ji sosai zai sha wuyar bambance k da ƙ.

Mai ɗa a aji biyu ko uku, yau da daddare ki buɗe littafinsa a tsakiya, ki ɗora yatsa kan kalma ɗaya tak. Idan ya tsaya cak, ko ya koma farkon shafi yana rero shi, gobe ki zo makaranta mu zauna da malaminsa.