Ƙagaggen Labari a Matsayin Magajin Wasan Talabijin: Misalin Doctor Who

Masu nazarin adabin Hausa sun saba da wasan da ya faro a rediyo kana ya zama littafi, kamar Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi. Abin da ba a cika kulawa da shi ba shi ne littafin da kan ɗauki labari daga inda talabijin ta ajiye shi, ya ci gaba da shi. Wannan maƙala za ta dubi irin wannan littafi ne ta hanyar Doctor Who, wasan ƙagaggen labarin kimiyya da BBC ta fara nunawa a Ingila a 1963. Tauraronsa wani baƙo ne daga wata duniya, mai ratsa zamunna a cikin akwati.

Littattafan wasan iri biyu ne. Na farko maimaici ne, wato a mai da abin da aka riga aka nuna zuwa zube. Ana iya raina wannan, amma ya yi rana, domin BBC ta goge fayafayen wasan da yawa. Labarin The Web of Fear na 1968 ya daɗe sai dai a karanta shi a littafin Terrance Dicks na 1976, har zuwa 2013 da aka bayyana gano fayafayensa a wata tashar talabijin a Jos, ban da kashi na uku.

Na biyu, wanda ya fi cancantar nazari, shi ne ci gaba. An dakatar da wasan a 1989. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, kamfanin Virgin ya fara fitar da jerin New Adventures. A nan marubuci yana cikin tsaka mai wuya. Tauraron aro ne: ba shi da ikon kashe shi ko sauya masa hali, ga mai karatu ya san fuskarsa da muryarsa. Halinsa ɗaya da mai ba da labarin Kanta a Argungu, wanda zai iya ƙara gishiri a tafiyar yaƙi, amma ba ya isa ya raba Kanta da Surame. Sai dai alƙalami ba ya bukatar kuɗin gina dandali, kuma yana shiga zuciyar tauraro inda hoto ba ya kaiwa. Paul Cornell ya ci moriyar wannan a Human Nature na 1995, inda Dakta ya zama mutum, ya manta asalinsa, har ya faɗa soyayya. Da Russell T Davies, wanda shi ma ya rubuta ɗaya daga cikin jerin, ya farfaɗo da wasan a 2005, wannan littafi ya koma talabijin a 2007.

Hausa ba ta rasa irin wannan jigo ba. Tun 1969 kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda Kolin Koliyo ya ɗauki yaro Kilba zuwa sararin samaniya. Tauraro mai yawo haka, irin Dakta, kowace duniya ya sauka babi ne sabo, kuma zubin labarin ya bar ƙofa a buɗe ga wanda zai ɗora.