Jinjiri Ba Ya Jiran Arba'in

'Ya'yana na Boɗinga da Shagari, da ku 'yan'uwana kakanni masu riƙon jego, ku ba ni aron kunnuwanku kan zancen jinjirin da bai cika wata biyu a duniya ba. Babban yaro idan ciwo ya kama shi yakan ce "kaina" ko "cikina". Jinjiri kuwa bai da baki, kuma ciwon da ke ɗauke shi yakan zo ne a ɓoye. Ƙwayar cuta ta shiga jininsa da safe, kafin wata safiyar magana ta ƙare.

Amma jikinsa yana faɗa, in an lura. Yaron da ke tsotso jiya, yau ya saki nono. Jikinsa ya yi zafi, ko kuma ya yi sanyi ƙalau. Mun saba tsoron zafi, muna ganin sanyi sauƙi ne, alhali a wajen jinjiri sanyin ma haɗari ne babba. Numfashi ya yi sauri har ya kai 60 a minti ɗaya, ko ƙasan haƙarƙari ya riƙa lotsawa. Ya yi lamo, ba ya motsi sai an taɓa shi, ko ya kama jijjiga. Ɗaya daga cikin waɗannan ta isa a tashi. Wani sa'in uwa har daɗi take ji wai ɗanta ba rigima, barci kawai yake yi, nan kuwa ƙarfin kukan ne babu.

Na san abin da ake cewa a tsakar gida: "A bari a yi suna tukuna." "Maijego ba ta fita sai ta yi arba'in." "Iska ce, a yi masa hayaƙi." Kakanni, ba raina ku nake yi ba, ku kuka rene mu duka. Al'adar jego don kare uwa da ɗa aka yi ta, bai kamata ta zama sanadin rasa ɗan ba. A yi tofi, a yi addu'a, amma a yi su a kan hanyar asibiti.

Sai zancen nisa da kuɗi, wanda gaskiya ne. Ba kowane gida ke iya kai jinjiri Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru a Sakkwato ba, balle a yi mako ana jinya. Saboda irin mu ne aka yi wani bincike a Najeriya da Kenya da Kwango, har da ƙauyukan Zariya a ciki. Daga nan, a 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan zuwa babban asibiti ya gagara, ma'aikacin lafiyar da aka horar zai iya yi wa jinjiri allurar gentamicin a ƙaramin asibiti, a haɗa masa da amoxicillin na sha, safe da yamma, har kwana 7. Amma yaron da ke jijjiga, ko ya suma, ko ya kasa tsotso sam, wannan sai babban asibiti, ko da za a sayar da akuya.

Kada jin sunan maganin ya sa a nufi kemis. Da nauyin yaro ake auna wannan allura, in ta yi yawa tana taɓa ƙoda da ji. Kuma in ya fara tsotso a kwana na uku, kada a ajiye sauran maganin wai don gaba. A ƙarasa shi.

Cibiya ma a kula. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun 2013 jiharmu ta fara rarraba man chlorhexidine na shafa wa cibiya har cikin ƙauyuka. Shi za a shafa, ba toka ko man goge baki ba, kuma kada ya kusanci ido. In gindin cibiya ya yi ja ko yana fitar da mugunya, a kai yaro a duba shi.

Kai kuma maigida, yawancin jinkirin daga wajenka yake, domin kai ake jira ka ce a tafi. Tun ciki ya tsufa ka ware kuɗin mota daban da kuɗin rago. In za ka tafi cin rani ko kasuwa mai nisa, ka faɗa wa matarka a gaban mahaifiyarka cewa duk sa'ar da yaro ya ƙi nono, ko da tsakar dare ne, ta ɗauke shi ta tafi, ka ba ta izini.